Ciwon Sukari da Fargabar Gado: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A Maje da sauran garuruwan da ke kewaye da Suleja, ciwon sukari ya daina zama labarin da ake ji daga nesa. Wani mahaifinsa aka yanke wa ƙafa, wata gwaggonta ce ganinta ya tafi a hankali, wani kuma yayansa ne ke yi wa kansa allura safe da yamma. Daga nan fargaba take shiga gida. Wanda ya tashi fitsari sau biyu cikin dare sai ya kwana yana saƙe-saƙe, wadda ta ga rigunanta sun fara yi mata yawa sai ta daina shan shayi ba tare da ta taka asibiti ba. Tambayoyin da ke cin mutane a rai kusan iri ɗaya ne: wannan abin da nake ji, shi ne? Me ke kawo shi? Tunda yana cikin jininmu, ni ma ba makawa sai na yi? Kowace tana da amsa, amma ba a gane amsar sai an fara sanin abin da jiki yake yi da abinci.

Mene ne ciwon sukari?

Ciwon sukari, ko ciwon suga kamar yadda aka fi faɗa a baki, yanayi ne da sukarin da ke cikin jini yake hawa ya wuce ƙima, ya kuma zauna a sama. Sukarin da ake nufi ba na kanti ba ne kaɗai. Tuwon masara, shinkafa, sakwara, burodi, gero da rogo duk abinci ne masu sitaci, kuma da sun isa hanji jiki yake narkar da su, su koma wani sukari mai sauƙi da ake kira gulukos. Shi ne makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa suke aiki da shi. Lafiyayyen jiki yana tsare adadinsa sosai. Duk jinin babban mutum, wanda ya kai kimanin lita 5, ba ya ɗauke da gulukos fiye da giram 4 zuwa 5 kafin a karya kumallo, wato kusan cikin ƙaramin cokalin shayi.

Ba cuta ce da ake ɗauka daga wani ba. Ba ta bin kwano, ba ta bin shimfiɗa, ba ta bin iska. Amma tana ƙaruwa a duniya da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ita sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Najeriya, binciken ƙasa na 1992 ya sami kimanin kashi 2 cikin 100. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kusan kashi 5.8 cikin 100, wato mutum sama da miliyan 11. A shiyyar arewa ta tsakiya, inda Jihar Neja take, sun sami kashi 3.8. Ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 kuma ta nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Yadda jiki yake sarrafa sukari

A bayan tumbi, kusa da farkon ƙaramin hanji, akwai wata gaɓa doguwa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da sinadarin insulin. Da an ci abinci, gulukos ya shiga jini, sai ta saki insulin, shi kuma ya umarci tsoka da kitse su buɗe su karɓi gulukos ɗin, ya umarci hanta ta adana saura. Idan an daɗe ba a ci komai ba, kamar cikin dare ko da azumi, insulin yakan ragu, hanta ta riƙa sako ajiyarta kaɗan-kaɗan don kada jini ya rasa.

Mutumin Maje ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san yadda tankokin mai suke jeruwa a bakin hanyar Minna suna jiran takardar wucewa daga defo. In takarda ta fito a kan kari, hanya ta buɗe, gidajen mai su samu. In ta makara, tankoki su cushe hanya, kwalta ta farfashe, gidajen mai su bushe alhali ga mai nan jibge. Jini ne hanyar, gulukos ne man, insulin kuma takardar. Mai ciwon sukari jininsa cike yake da makamashi, amma tsokarsa tana yunwa, jijiyoyinsa kuma suna lalacewa saboda cunkoso.

Ire-irensa

Nau'i na 1 yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta yi kuskure ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, yana zuwa cikin makonni, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. Shan alewa bai jawo shi ba, laifin iyaye ma bai jawo shi ba.

Nau'i na 2 shi ne na mutum 9 cikin kowane 10 masu ciwon. A nan insulin yana nan, amma jiki ya daina jin maganarsa sosai. Fankiriyas sai ta ninka aiki don ta cike giɓi, ta yi shekaru a haka, har ta gaji. Sai bayan ta gaji sukari yake hawa a fili. Shi ya sa wanda aka gaya wa sakamako yau, mai yiwuwa ciwon ya shekara biyar ko fiye yana tafiya a jikinsa.

Akwai kuma na masu juna biyu. Mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, kuma ba kowace mace ce jikinta ke iya jure wannan ba. Yawanci yana lafawa bayan haihuwa, sai dai yana barin gargaɗi, domin da yawa daga cikin matan sukan kamu da nau'i na 2 daga baya. A 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i da aka sa wa lamba 5, mai kama siraran matasa da suka sha rashin abinci mai gina jiki tun suna ƙanana. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zaton cewa ciwon na masu kuɗi da masu ƙiba ne.

Alamomi, da dalilin kowace

Ƙoda tana tace jini, tana mayar da duk gulukos ɗin da ya bi ta cikinta. Amma iyawarta tana da iyaka. Idan sukari ya wuce kimanin miligiram 180 a awon jini, sai ya fara zuba cikin fitsari, kuma ba ya fita shi kaɗai, sai ya janyo ruwa. Daga nan yawan fitsari yake fitowa, musamman da dare. Ruwan da aka rasa shi ke kawo ƙishirwar da ba ta yankewa da bushewar baki. Sukarin da ya zube kuma abinci ne da aka yi asara, don haka mutum yana ci amma yana ramewa, ga kasala. Masu cewa sun ga kiyashi ya yanyame inda suka yi fitsari ba ƙarya suke yi ba. Tsoffin likitocin Indiya da haka suke gane ciwon. Sai dai kafin kiyashi ya taru, sukari ya riga ya yi nisa.

Sauran alamomin ba su cika sa mutum ya yi zargin sukari ba. Gani yakan yi hazo-hazo, ya gyaru, ya sake dawowa. Maruru yakan fito a kai a kai, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Mata sukan sha fama da ƙaiƙayin gaba da ake ta yi wa maganin sanyi yana dawowa. Maza kuma sukan ga ƙarfin mazakuta ya ragu, su ɗora wa basir ko shawara, su bi masu maganin cikin mota. Akwai masu jin tafin ƙafa yana zafi da dare, ko yana sagewa, ko suna jin kamar suna taka auduga. Wasu fatar bayan wuyansu da ta hammata takan yi baƙi da kauri, a yi ta cuɗawa ana zaton dauɗa ce, alhali alama ce ta jikin da ba ya jin insulin.

A nan akwai abu biyu da mai fargaba ya kamata ya riƙe tare. Na farko, babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ta keɓanta da ciwon sukari. Ƙishirwa a zafin Maris da Afrilu ba cuta ba ce. Wanda ya sha kofi biyu na shayi bayan isha'i dole ya tashi fitsari. Ciwon mara, juna biyu, wasu magungunan hawan jini da kumburin da ke tare wa tsofaffin maza hanyar fitsari duk suna kawo yawan fitsari, rama kuma tana iya zama ta tarin fuka ko wani ciwon daban. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, rashin alama ba shaidar lafiya ba ce. Masu nau'i na 2 da yawa ba sa jin komai sai ranar da aka je duba ido ko aka kwantar da su saboda wani dalili.

Na yara dabam ne, kuma ba ya jira. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya dawo yi, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana zubewa cikin 'yan makonni, a auna sukarinsa a ranar. Idan ya kai ga amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri da yawan barci, jininsa ya fara yin tsami ke nan, kuma rai na iya salwanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin maleriya ko taifot. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa ya isa ya raba gardama.

Shin gadonsa ake yi?

Ana gadon saurin kamuwa da shi, ba ciwon kansa ba. Bambancin yana fitowa idan aka dubi sikila, wadda mutane suka saba da gwajinta kafin aure. Sikila ƙwayar halitta ɗaya ce ke ɗauke da ita, lissafinta a bayyane yake: idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS, kuma abin da yaron zai ci ko aikin da zai yi ba zai sauya hakan ba. Ciwon sukari nau'i na 2 ba haka yake ba. Ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne a ƙwayoyin halitta, kowane yana ƙara ɗan kaɗan. Mafi ƙarfinsu da aka sani, mai suna TCF7L2, a ƙasar Aisilan aka gano shi a 2006, kuma akwai shi a jikin 'yan Afirka ta Yamma. A 2019 wani bincike da Farfesa Charles Rotimi ya jagoranta a kan mutanen Najeriya, Gana da Kenya ya gano wani, ZRANB3, wanda ba a lura da shi a Turawa ba. Babu gwajin kafin aure da zai ce wannan yaro zai yi sukari, wancan ba zai yi ba.

Abin da ake da shi shi ne ƙiyasi. A binciken da aka yi a Turai da Amurka, wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da nau'i na 2 yana da yiwuwar kamuwa kimanin 40 cikin 100 a tsawon rayuwarsa. Idan iyayen biyu ne, takan kai kusan 70. Lambobin suna da nauyi, amma a karanta su ta ɗaya fuskar ma: cikin 'ya'ya goma na uba mai sukari, shida ba za su yi ba. Yaya ko ƙane mai ciwon shi ma yana ƙara wa mutum haɗari, haka kuma idan ciwon ya kama dangi tun suna da ƙuruciya. A gidan da aka yi auren zumunci, dangin uwa da na uba sau da yawa ɗaya ne, don haka tarihin ciwon yana iya zuwa ta ɓangarorin biyu.

Nau'i na 1 gadonsa ya fi rauni, saɓanin abin da ake zato. Mafi yawan yaran da ke kamuwa babu kowa a danginsu mai shi. Idan uba yana da shi, yiwuwar ɗansa ya yi kimanin 1 cikin 17 ce, idan uwa ce kuma ta fi haka ƙanƙanta. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, ɗaya yakan kamu ɗaya ya tsira. Akwai wani nau'i mai wuyar samu da ke bin ƙwayar halitta ɗaya tak, yana sauka daga kaka zuwa uba zuwa jika kafin shekara 25 ba tare da ƙiba ba. Shi kam rabin 'ya'ya yake kamawa, kuma dangin da suka ga haka su gaya wa likita.

Ba jini kaɗai ake gada ba. Ana gadon tukunya. Gidan da aka saba da malmalar tuwo uku da dare, da shayi mai cokali huɗu na sukari, yana miƙa wannan ɗabi'a ga 'ya'ya kamar yadda yake miƙa kamanni. An lura cewa mata da miji, waɗanda ba jini ya haɗa su ba, idan ɗaya yana da ciwon haɗarin ɗayan yana ƙaruwa. Zaman ciki ma yana barin tabo. Jaririn da ya girma a cikin uwa mai hawan sukari ya fi saurin ƙiba da kamuwa idan ya girma, haka wanda aka haifa da ƙarancin nauyi saboda yunwa. An ga wannan a mutanen da suke ciki lokacin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945.

Misali mafi kusa yana Sakkwato. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin karkara, suka sami ƙasa da mutum 1 cikin 100 ke da ciwon. Da suka auna Fulanin birni, suka sami kashi 4.6. Asali ɗaya ne, rayuwa ce ta bambanta. Saboda haka hana aure don kawai kakar yarinya ta yi sukari ba shi da tushe a likitance. Abin da tarihin dangi yake wajabtawa shi ne a fara gwaji da wuri.

Abin da ke tayar da shi

Babban mai tayar da gadon shi ne kitsen ciki. Kitsen da ke taruwa a hanta da kewayen hanji ya fi na cinya ko ɗuwawu hana insulin aiki. Tef ɗin tela ya isa a auna: a zagaya shi daidai cibiya, ba ƙasan teɓa inda ake ɗaure wando ba. Namijin da ya wuce inci 37, ko macen da ta wuce inci 31 da rabi, sun shiga layin da ake sa wa ido. Wata hanyar mai sauƙi ita ce kada ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum.

Rayuwar garin hanya tana taimaka wa wannan kitse. Direban tanka yakan yi kwanaki yana zaune yana jiran layi, abincinsa shayi da burodi da taliyar leda, sai lemon kwalba da abin sha mai hana barci. Ma'aikacin da ke sammako zuwa Abuja ta Madalla da Zuba yana ƙare awoyi a mota, ya dawo bayan magariba ya ci abincin yini duka a zama ɗaya ya kwanta. Inda a da ake takawa, yanzu ɗan acaɓa ko Keke ke kai mutum. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, sama da cokalin shayi 12, kuma wannan kaɗai ya cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum a yini. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha, harajin da hauhawar farashi ya riga ya shanye. Zoɓo, kunun zaƙi da fura da nono da aka zabga wa sukari ba su fi su sauƙi ba don kawai a gida aka yi su.

Shekaru suna ƙara haɗari, haka hawan jini, shan taba da ƙarancin barci. Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba: ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Yawancinsu magunguna ne irin su dexamethasone, waɗanda aka yi don wasu cututtuka, kuma suna ɗaga sukari kai tsaye. Macen da ke da ciwon a danginta ta kama shan su don ta ciko tana jawo abin da take tsoro da hannunta.

Gwaji

Awo ne kaɗai yake tabbatarwa. Mafi sauƙi shi ne a ɗibi jini da safe bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. Na'urori suna nuna sakamako da ma'auni biyu, kuma wannan yakan rikita mutane: wata ta nuna 7, wata ta nuna 126, alhali abu ɗaya suke faɗa, domin ana ninka ta farko sau 18 a sami ta biyu. Ƙasa da 100 lafiya ne. Daga 126 zuwa sama ciwon sukari ne, idan an sake gwaji wata rana an sami haka. Tsakanin biyun kuma mutum yana bakin gaɓa. Wanda ke da alamomi a fili, aka auna shi kowane lokaci aka sami 200 ko fiye, ba a bukatar jira. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, inda 6.5 ke nufin ciwon, sai dai yakan yi kuskure ga masu sikila da masu ƙarancin jini.

Tsira ɗan yatsa a kemis yana da amfani a matsayin somin-taɓi, amma ba a kansa ake fara shan magani ba. Tabbaci sai a ɗakin gwaji, kamar na Babban Asibitin Suleja, kuma idan abin ya bukaci ƙwararre akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Wanda ya kai shekara 35 ya kamata ya auna ko ba ya jin komai, ya maimaita bayan kowace shekara 3. Mai ƙiba da ke da ciwon a iyaye ko 'yan'uwa ya fara tun kafin haka. Wanda aka samu a bakin gaɓa ya auna duk shekara. Mai ciki ana auna ta tsakanin mako na 24 da na 28, kuma wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

Bakin gaɓa wuri ne da ake iya komawa baya daga gare shi. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya bi mutane sama da 3,000 da ke wannan matsayi, da yawansu kuma suna da ciwon a dangi. Waɗanda aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58. Ga mai kilo 85, wannan kilo 6 ne kawai da tafiyar rabin awa kwana biyar a mako.

Illolinsa idan aka bar shi

Sukari mai yawa yana cin jijiyoyin jini a hankali. Ƙanana na bayan ido sukan tsattsage su kawo makanta, na ƙoda su toshe har a kai ga wankin ƙoda. Manya kuma su ƙuntace, su jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, musamman idan hawan jini ya haɗu da shi. Duk wannan shekaru yake ɗauka, kuma kula da sukari da hawan jini yana rage shi sosai. Shi ya sa ake so a duba ido da fitsari sau ɗaya a shekara.

Ƙafa ce ta fi bukatar sa ido. Jijiyoyin ji sun mutu, jini ba ya isa sosai, sai ƙusa ta soki mutum bai sani ba, ko mai yankan farce ya ɗan yanke shi, ko ya ƙone yana jin ɗumin gawayi da hunturu. Kafin a ankara ya zama gyambo. A wannan gaɓar ne ake yawan cewa sammu ne ko an taka wani abu, a yi makonni ana shafe-shafe da tsaga, a iso asibiti ƙashi ya riga ya ruɓe. Mai alwala sau biyar a yini yana da damar da wasu ba su da ita: ya dubi tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, ya tsane su, kada ya taka ƙasa ba takalmi, kuma duk raunin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba ya kai shi asibiti.

Magani, abinci da azumi

Nau'i na 2 yawanci da ƙwayar metformin ake farawa, tare da gyaran abinci da motsa jiki. Ba a daina magani don an ga sukari ya sauka, maganin ne ya saukar da shi. Allurar insulin kuma ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake raɗawa. Kafin Frederick Banting da Charles Best su fitar da ita a Toronto a 1921, yaro mai nau'i na 1 da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Insulin ba ya son zafi. Inda wuta ba ta zama, ana iya naɗe kwalbar a leda a sa ta cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a saka tukunyar cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa. Irin dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ce don adana kayan miya.

Abinci ba sai an tsiri na musamman ba. Da yawa sukan koma tuwon alkama ko na acca suna ci har su ƙoshi, da zaton babu sukari a ciki. Dukansu sitaci ne, kuma yawan abin da aka ci ya fi sunansa tasiri. A rage malmala, a ƙara miyar ganye, kuka, kuɓewa, wake, kifi da kwaɗon zogale. Zuma da dabino da rake suna ɗaga sukari, don haka musanya sukarin kanti da zuma ba mafita ba ce. Shuwaka, darbejiya da sauran jiƙe-jiƙe masu ɗaci babu wanda aka tabbatar yana warkar da ciwon, kuma haɗa su da maganin asibiti a ɓoye na iya faɗar da sukari ko taɓa ƙoda.

Faɗuwar sukari ita ma haɗari ce ga masu allura da masu shan wasu ƙwayoyi. Alamarta gumi, rawar jiki, bugun ƙirji da ruɗewa, kuma maganinta nan take cokali uku na sukari a ruwa, in dai mutum yana iya haɗiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti ake nufa da shi. Wannan ne ya sa ake so mai ciwon ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, a gyara masa lokacin magani da adadinsa, a kuma gaya masa ko yana cikin waɗanda shari'a ta yi wa rangwame. Wanda aka yarje wa ya yi azumi ya jinkirta sahur, ya riƙa auna sukarinsa da rana, ya kuma sha ruwa idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.